Kafin ka dangwala hannu a caji ofis

Yawancin mutanenmu ba sa tunawa da lauya sai an tisa ƙeyar ɗan'uwansu zuwa gidan yari. Alhali sau da yawa tun a caji ofis shari'a ke lalacewa, a gaban teburin nan da ɗan sanda mai bincike ke rubuta bayani da Turanci, ya juyo takardar ya ce, "Malam, dangwala nan ka tafi gida." Wanda bai yi boko ba ya dangwala. Bayan watanni a karanto masa a kotu cewa shi da bakinsa ya amsa laifi.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda aka kama damar ya ja bakinsa ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai dai a zargin laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Belin 'yan sanda kuwa kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san yadda ake yi.

Masu cewa lauyan ɓarawo shi ma ɓarawo ne ba su taɓa ɗanɗana sharri ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma aikin lauya shi ne ya tilasta mai gabatar da ƙara ya kawo hujja, ya yi wa shaidunsa tambayoyi.

Rigimar bashi, haya, fili ko gado wata hanya ce daban. Dokar nan ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya kasa biyan bashi ko ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Ɗan kasuwar da ya sa aka kulle abokin hulɗarsa a kan kuɗin buhun masara na iya wayar gari ana ƙararsa kan tauye haƙƙi, a yanke masa diyyar da ta fi bashin. A shari'ar bashi ko ciniki takarda ce ke magana: rasit, yarjejeniya mai sa hannun shaidu, saƙon banki. Idan kuma aka kawo maka sammaci, kada ka cusa shi ƙarƙashin katifa, domin alƙali na iya yanke hukunci a bayan idonka.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Legal Aid, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 don kare marasa galihu kyauta. A harabar kotu kuma a yi hattara da 'yan "na san alƙali". Lauyan gaskiya yana da ofis, yana ba da rasit, takardunsa na ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa.