KAFIN KA SAYI ƘATON KARE

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne, aikina wanke gyambo da ɗaure rauni da ba da magani. Kwanan nan magidanta da dama sun tare ni da tambaya guda. Wai an yi musu tallar ɗan kwikwiyo irin na ƙasashen waje, mai faɗin kai da manyan ƙafafu, an ce in ya girma ɓarawo ba ya kusantar gida ko garke. Su saya, ko kada su saya? Tun da ya ke wanda kare ya ciza wurinmu a ke fara kawo shi, na ga ya kamata in rubuta amsa kowa ya ji.

WANE IRIN KARE NE?

Sunan dangin karnukan nan mastif. Akwai na Ingila, wanda namijinsa ya kan kai kilo 70, wani ma ya haura 90. Akwai bulmastif, wanda masu gadin dajin farauta na Ingila suka samo a ƙarni na 19, don ya riƙa kā da masu satar farauta yana danne su. Akwai kuma bowabul na Afirka ta Kudu, karen gadin gona. Wanda a ke kawo maka cikin kwali daga birni, galibi ruwa biyu ne, watau an haɗa ɗayan waɗannan da wani iri dabam.

Karenmu na gida da ƙyar ya ke wuce kilo 20. Buhun siminti kilo 50 ne. To, ka ga ɗan abin nan da ka ke ɗauka da hannu ɗaya yau, kafin shekara biyu zai iya fin buhun siminti nauyi. Sabo da haka kada ka dubi kwikwiyon, dubi karen da zai zama. Shi za ka ciyar, shi za ka riƙe, shi zai zauna da 'ya'yanka har shekara takwas ko goma.

Ɗan ruwa biyu kuwa ba mai iya faɗa maka halin wa zai ɗauko, na uwa ko na uba. In mai sayarwa ya ƙi nuna maka uwar, cinikin biri a sama ke nan, ka bar masa abinsa. Kada kuma ka karɓi kwikwiyon da aka raba da uwarsa kafin mako takwas.

ZA KA IYA CIYAR DA SHI?

Irin wannan kare ba ya rayuwa da ƙanzo da suɗin tuwo. In ya girma yana cin abinci fiye da kilo ɗaya a yini, kuma dole a sami nama ko kifi ko ƙwai a ciki. Ruwan shansa ya kai lita uku. Yana ƙarami ma ya fi bukatar kulawa, don ƙashinsa yana girma da sauri. In abinci bai yi daidai ba sai ƙafafu su lanƙwashe. Da yawa cikin irinsa kuma suna gadon ciwon ƙugu, su riƙa ɗingishi tun ba su tsufa ba.

Ka tuna da watannin da rumbu ya ke yin ƙasa kafin sabon hatsi ya shigo. Daga kwanon wa za a ɗebi rabon kare? In aka rage na yara, an yi babbar hasara. In aka bar karen da yunwa, zai faɗa wa kaji da 'yan awakin maƙwabta, sa'an nan ya riƙa yawon juji yana faɗa da karnukan da ba su da mai su. A can ne ya ke ɗauko ciwon da na fi jin tsoro.

CIWON HAUKAN KARE

Girman kare ba ya kare shi daga hauka, tsadarsa ma haka. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In yawun ya shiga rauni, sai cutar ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi ta kan yi wata biyu ko uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. In ta bayyana a jikin mutum, har ya fara tsoron ruwa da firgita, to, sai dai addu'a, don likita ba shi da maganinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum goma, huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan duka kuwa ta cizon kare suka samu.

Amma akwai rigakafi. Tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci yaro ɗan shekara tara da allura bayan mahaukacin kare ya cije shi. A ƙasar nan ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. A yi wa kwikwiyo allura yana wata uku, a sake kowace shekara, a karɓi takardar shaida a ɓoye ta. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a wurare da dama a kan yi wa karnuka allura kyauta a lokacin. In babu malamin dabbobi inda za ka iya kai kare kowace shekara, kada ka saya.

Akwai kuma tsutsar ciki. Yawancin 'yan kwikwiyo da ita a ke haihuwarsu. Ƙwanta yana fita cikin kashin kare, yaro mai rarrafe ya sa ƙasa a baki ya haɗiye. A ba kwikwiyo maganin tsutsa, a riƙa kwashe kashinsa ana binnewa, a cire masa kaska. Kada a jefa wa kare ɗanyar hanta ko huhun dabbar da aka ga ƙurji mai ruwa a jiki. Kowa ya taɓa kare ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

INA ZA KA AJIYE SHI?

Dangar kara ba ta tsare kare mai kilo 60. Yana bukatar katanga, da inuwa, da ruwa kullum, don zafin bazara yana iya kashe kare mai gajeren hanci irinsa. Kada kuma ka ce za ka ɗaure shi da sarƙa dare da rana. Karen da ya tashi a ɗaure shi ya fi mugunta ran da ya tsinke. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Dole tun yana ƙarami a koya masa jin kira, a saba masa da mutane da dabbobin gida. Sa'an nan ka tambayi kanka, ran da ka tafi kasuwa ko cin rani, wa zai iya riƙe shi? Uwargida? Tsohuwa?

An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara shida, karen gidansu ya cije shi a kumatu. Karen bai cika shekara ba, kuma ba mugu ba ne, yana cin abinci ne yaron ya miƙa hannu cikin kwanon. Karenmu na gida ƙila da a ƙafa zai kama shi. Wannan kuwa bakinsa daidai fuskar yaro ya ke, kuma cizon fuska ya fi haɗari don yana kusa da ƙwaƙwalwa. Na tambayi takardar allura, babu. Sai da uban ya sayar da rago aka riƙa kai yaron birni ana yi masa allura. Ya warke, amma tabon yana nan. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su biyu, kome sabonsu.

IN KARE YA CIJI MUTUM

1. A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. In akwai aidin a sa.
2. Kada a sa toka, ko garin magani, ko gashin karen.
3. A kai shi asibiti a ranar, ko da ƙarzuna ce kawai. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yi ranar farko, da rana ta uku, da ta bakwai, da abin da likita ya ƙara. Kada a tsallake ko ɗaya.
4. A tsare karen kwana goma ana dubawa, amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura.
5. Karen da halinsa ya sāke, yana dalalar da yawu, ko bakinsa ya saki, kada kowa ya sa masa hannu a baki wai ƙashi ne ya maƙale. A kira malamin dabbobi, a gaya wa mai gari.

SHAWARATA

In kana da abincin da zai ishi iyali da kare har ƙarshen damina, da malamin dabbobi kusa, da katanga, da babban mutum mai kula da shi kullum, kuma ka ga uwar kwikwiyon ka yarda da halinta, to, kana iya saya. In ɗaya ya kasa, haƙura. Abin da ke tashin gida da dare haushi ne, kuma karenmu na gida ya iya haushi. Yana jure zafi, cinsa kaɗan ne, yaro matashi ma yana iya riƙe shi. Ka ciyar da shi, ka yi masa allura kowace shekara. Kuɗin da ya rage a gyara ƙofar garke. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.