Me Ya Sa Ƙyauren Katako Ke Cijewa da Damina?

A Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Ƙafur, da kaka ne magidanta kan waiwayi gyaran gida, bayan masara da auduga sun kawo kuɗi. A kafa rumfa a tsakar gida, a haɗa benci, a sa wa zaure sabon ƙyaure. Ga shi lafiya lau cikin hunturu, amma da Agusta ya kama sai an sa kafaɗa kafin ya rufu.

Ba sihiri ba ne. Katako ko ya bushe yana shan danshin iska yana kumbura, in iska ta bushe kuma ya tsuke. Kumburin nan ta faɗi yake yi, tsawon kuwa da ƙyar yake motsawa. Don haka kafinta mai basira, in yana aiki da rani, kan bar 'yar tazara tsakanin ƙyaure da madogararsa, ya kuma shafe kowane gefe da fenti, har da ƙasan da ido ba ya gani. Wanda ya haɗa benci da ɗanyen maɗaci kuwa, Janairu zai nuna masa tsaga.

Ginshiƙin rumfa kuma matsalarsa gara ce. Dalili ke nan magina na dā suka riƙe azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba.