Edgar Rubin: Masanin da ya nuna cewa ido kan zaɓi abin da zai gani

Akwai wani zane da ya karaɗe littattafan nazarin halayyar ɗan Adam: farin tulu a tsakiya, baƙi a kowane gefe. Idan ka ƙura masa ido, sai tulun ya ɓace, fuskoki biyu su bayyana suna kallon juna. Zanen bai canja ba, amma ba za ka iya ganin tulun da fuskokin a lokaci guda ba.

Edgar Rubin, ɗan ƙasar Denmark, shi ne ya fito da wannan zane fili. An haife shi a birnin Copenhagen a 1886, cikin zuriyar Yahudawa. Ya yi karatu a hannun Harald Høffding da Alfred Lehmann, sannan ya tafi Gottingen ta ƙasar Jamus, inda ya yi bincike a ɗakin gwaji na Georg Elias Müller. A 1915 ya kammala kundin digirinsa na uku, wanda aka fassara zuwa Jamusanci a 1921.

Rubin ya gano cewa ƙwaƙwalwa kan raba abin da ido ya gani gida biyu. Akwai siffar da ke gaba, mai iyaka, wadda hankali ke riƙewa. Akwai kuma fagen da ke bayanta, wanda kan zama tamkar ba shi da siffa. Layin da ya raba su ɗaya ne, amma siffar gaba ce ke mallakarsa. A gwajinsa, mutanen da aka sake nuna wa zane bayan siffa da fage sun sauya matsayi sukan kasa gane cewa sun taɓa ganinsa.

Wannan bincike ya shafi mai karanta labarai kai tsaye. Duk wanda ya zaɓi abin da zai fito a gaban hoto ko kanun labari, ya zaɓi abin da jama'a za su tuna. Sauran kuma sai ya koma fage.

A 1922 Rubin ya zama farfesa a Jami'ar Copenhagen, ya gaji Lehmann. A 1943, lokacin mamayar 'yan Nazi, ya tsere zuwa Sweden tare da dubban Yahudawan Denmark. Ya koma gida bayan yaƙi, ya rasu a 1951.