Abin da Ya Kamata Ku Sani: Hotonku a Hannun Wani, Me Doka Ta Ce?

Mutanen Damargu a Nijar sun san kamara tun kafin salula ta shiga aljihun kowa. A 2005, bayan fari da farin ɗango sun lalata damunar 2004, Tanut da ke Damargu na cikin wuraren da yunwa ta fi tsananta. 'Yan jarida da ma'aikatan agaji suka shigo jihohin Damagaram da Maraɗi, hotunan yara masu tamowa a cinyar iyayensu mata suka zaga duniya. Hotunan sun jawo taimako, wannan gaskiya ne. Amma waɗancan yaran yau sun haura shekara ashirin, wasu da iyalinsu, kuma hoton ranar da suka fi kowace rana galabaita yana iya kasancewa a intanet har yanzu. Uwar da ke tsaye a layin awon yara, tana fatan a ba ɗanta biskit, ina ta ga bakin cewa kada a ɗauke ta?

To, a dokar Nijar hoto yana cikin bayanan mutum da ake karewa. Dokar farko ita ce mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017, daga baya aka maye gurbinta da mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022. Ma'aunin ɗaya ne: ana iya gane mutumin ko ba a iyawa? In ana iya ganewa, hoton ya zama bayani a kansa, daidai da sunansa ko lambar wayarsa. Ba sai an rubuta suna a ƙasa ba. Fuska ta isa, haka tsagar gado, ko ƙofar gidan da kowa a Gangara ko Tarka ya san na wane ne. Hoton kasuwar dabbobi da aka ɗauka daga nesa, inda ba a bambance kowa, bai shiga wannan ba. Murya da bidiyo kuwa hukuncinsu ɗaya da hoto.

Kada wani ya tsorata da hoton suna ko na biki da ya ajiye a wayarsa. Abin da mutum ya ɗauka don amfanin kansa da iyalinsa doka ba ta bi ta kansa ba, muddin ba yaɗawa zai yi ba. Magana tana sauyawa ne daga lokacin da hoton ya bar gida: an sa shi a Facebook, an tura shi zaurukan WhatsApp, ko wata ƙungiya ta buga shi a takardar neman tallafi. A nan sai da yardar mai hoton, kuma yarda ba ta cika sai ya san me za a yi da shi da inda za a kai shi. Wanda ya amince a ɗauke shi don katin rabon abinci bai amince a manna fuskarsa a allon talla ba. In yaro ne, iyayensa ko waliyyinsa ake tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton marar lafiya. Hoton yaro a gadon likita yana faɗin cutarsa, bayanin lafiya kuwa yana cikin waɗanda doka ta fi tsananta wa tsaro. Sau da yawa da kyakkyawar niyya ake yi: matashi ya ɗauki tsohuwa marar ƙarfi a wani ƙauyen Belbeji, ya watsa, ya ce a taimaka mata. Allah ya saka masa da alheri, amma da ya tambaye ta tukuna, ko ya rufe fuskar. Talauci ba ya rage wa mutum haƙƙinsa a kan fuskarsa, kuma a ƙasarmu talaka ne aka fi ɗauka hoto, shi ne kuma aka fi mantawa a tambaya.

Gwamnati ma ba ta fita ba. Rajistar masu zaɓe ta 2020 ta haɗa da hoto da zanen yatsu, irin bayanan da ke bin mutum har kabari, shi ya sa doka ta ɗora wa mai tara su nauyin tsare su da yin amfani da su a kan abin da aka tara su dominsa kawai. 'Yan jarida suna da sassauci saboda aikin sanar da jama'a, bisa ƙa'idar sana'arsu.

In an yaɗa hotonku ba da yardarku ba, kuna da haƙƙin tambayar wanda ke riƙe da shi me yake yi da shi, ku kuma nemi a cire. In ya ƙi, ana kai koke Yamai, inda hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, ta fara aiki a 2020. Yamai da nisa daga Tanut, don haka in an haɗa hoton da ɓatanci ko zagi, ku nufi jandarma ko 'yan sanda mafi kusa, domin dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci a kan haka. Kafin ku je, ku adana shaidar inda aka sa hoton da ranar da kuka gan shi, don wanda ya sa shi yana iya gogewa ya musanta.