Majami'un Doka da masu tsallaka gada ranar Lahadi

A Doka, tsakiyar Kaduna ta Arewa, manyan majami'u suna nan inda aka gina su: St Joseph ta Katolika, St Michael ta Anglikan, First Baptist a titin Ahmadu Bello, da hedikwatar HEKAN a titin Katsina. Masu sujada ne suka tashi. Da yawansu yanzu suna kwana a Sabon Tasha, Narayi, Barnawa, Unguwar Romi ko Gonin Gora, sai ranar Lahadi su tsallako gadar Kogin Kaduna.

Kowa ya san sanadin farko. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, da tarzomar bayan zaɓe a Afrilun 2011, sun sa Kiristoci komawa kudancin kogi, Musulmi kuma suka dawo arewa, har ana yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Urushalima. Amma ba tsoro kaɗai ya kwashe mutane ba. Masaƙun Kakuri da matatar mai da aka buɗe a 1980 sun riga sun ja ma'aikata kudu, fili ya fi araha a can, gidajen kwana na tsakiyar gari kuma suna ta zama shaguna da ofisoshi. Rikici ya zo ya gaggauta ƙaurar da tuni ta kama hanya.

To, me ya hana majami'un bin mutanensu? An buɗe rassa a kudu, har sun cika maƙil. Sai dai dattijon da aka yi wa baftisma a Doka, aka ɗaura masa aure a can, aka yi jana'izar mahaifiyarsa a can, ba ya jin cewa kusancin gida ya isa dalilin canza ekklisiya. HEKAN misali ce mai kyau: an kafa ta ne don Kiristocin da aiki ya kawo Kaduna daga majami'u daban-daban na Filato, Adamawa da sauran sassan Arewa, su yi sujada tare da Hausa. Mutumin da ya sauka a tasha bai san kowa ba, a nan yake samun wanda zai nema masa ɗakin haya.

Wannan ƙaura ta ƙara wa zumunci nauyi. Tun da maƙwabtaka ta watse, coci ta ɗauki aikin da unguwa take yi. Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da tulun kiɗansu, su ne masu kai wa mai jego abinci, masu zaman makoki, masu adashi. Bayan an tashi sujada mutane ba sa saurin watsewa. A harabar ake gaisawa, a tambayi wanda ba a gani ba, a haɗa kuɗin asibiti, domin in an rabu sai wani makon.

Asarar kuwa ta fi fitowa a bakin ƙofa. Bayan bam ɗin ranar Ista ta 2012 a kusa da titin Junction, da harin ƙunar baƙin wake a cocin St Rita da ke Unguwar Yero ranar 28 ga Oktoba na shekarar, aka soma tare hanya da shinge, ana binciken jaka, samari na riƙe da na'urar laluben ƙarfe. Ba wanda zai ga laifin haka. Amma baƙon da fasto zai ce ya miƙe a tafa masa a ciki, shi ne wanda aka yi wa kallon tuhuma a waje. Addu'ar yamma da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako su ma sun ragu, saboda kuɗin mota da gudun dare. Matasan da aka haifa a kudu kuwa ba su da tarihin da ke jan iyayensu, cocin da ke bayan gida ta ishe su.

A ganina babbar illar ba ta cikin coci ba ce. Da can mai shagon da ke kusa da majami'a ya san masu shiga da sunansu, 'ya'yansu ajinsu ɗaya, ana aika masa shinkafar Kirsimeti, shi ma ya aika naman layya. Yau motoci yake gani suna zuwa da safe suna tafiya kafin azahar. Aikin sulhu tsakanin Kirista da Musulmi da Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa suka soma a 1995, da Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna da malamai suka sa wa hannu a Agustan 2002, sun haɗa shugabanni a tebur ɗaya. Haɗa mabiya ya fi wuya, domin wannan sai an zauna unguwa ɗaya, kuma har yanzu mai gida a ɓangarorin biyu yakan tambayi addinin mai neman haya kafin ya faɗi kuɗin ɗaki.