Yaji ba firji ba ne: gaskiyar tsuma nama a lokacin bazara

Duk shekara idan bazara ta kankama, tsohuwar maganar nan sai ta sake tasowa a majalisu da zaurukan WhatsApp, daga Tudun Wada ta Gusau har tashoshin Tsafe da Bunguɗu: wai akwai masu jefa ƙwayar farasitamol cikin nama don ya yi laushi da wuri. Zancen yana da tushe, domin hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan ɗabi'a a Najeriya. Ƙa'idar likitoci ita ce kada babban mutum ya wuce giram 4 na maganin a yini, don wuce hakan na iya lalata hanta. Idan kuma aka dafa maganin, yakan rikiɗe ya fitar da wani sinadari mai cutar da ƙoda. Wanda ya ci irin wannan nama bai san nawa ya haɗiya ba, balle yaron da aka gutsura wa. Duk wanda aka kama da wannan aiki ya cancanci hukunci.

Sai dai yadda ake yayata maganar akwai rashin adalci a ciki. Ana shafa wa dukkan mahauta da masu tukuba kashin kaji, alhali yawancinsu sana'ar gado suke yi, kuma sun san hanyar tausasa nama tun kafin a buɗe kantin magani a garin. Sannan tsoron farasitamol ya ɗauke mana hankali daga haɗarin da ya fi kusa da mu, wanda muke haɗawa da hannunmu a gida. A yanka nama da hantsi, a cakuɗa shi da citta da tafarnuwa da lemun tsami, a rufe a roba a tura lungu wai "ya tsumu", sai bayan Magariba a hura gawayi. In ka yi magana a ce maka ai yaji da tsami sun kashe komai, abin da ya yi saura kuma wuta za ta ƙone shi.

Iyakar inda haɗin yake kaiwa

Kusan kashi uku cikin huɗu na tsokar nama ruwa ne. Tsoka a cike take, ba ta da gurbin da ruwan haɗi zai kutsa ya ratsa ta. Shi ya sa ƙamshin kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa ba ya wuce milimita kaɗan daga saman nama, ko da an kwana ana tsumi. Amarya takan kwana da lalle a ƙafa, gari ya waye fata ta yi jawur, amma ko an ƙara mata kwana uku lallen ba zai kai ga ƙashi ba. Haka kayan yaji suke da nama. Wanda ya jiƙa curin cinya guda na awa goma yana jiran ɗanɗano ya isa tsakiya, lokaci kawai ya ɓata.

Gishiri ne kaɗai ya fita daban. Yana narkewa, ya ratsa ciki sannu a hankali, ya sassauta furotin ɗin tsoka ta yadda za ta riƙe ruwanta a kan wuta. Kimanin giram 10 ya ishi kilo guda na nama. A tuna kuma cewa dunƙulen ɗanɗano mafi yawansa gishiri ne, don haka wanda ya zuba gishiri ya kuma murmushe dunƙule biyar ya ninka ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, masu hawan jini kuma sun san dalili.

Tsami kuwa, na lemu ne ko na tsamiya, a sama yake aiki. Idan ka ga naman ya yi fari-fari, tsamin ne ya sauya furotin ɗin bayansa. Ɗan kaɗan na ɗan lokaci yana ƙara armashi. Idan ya yi yawa ko ya daɗe, saman naman ya dagargaje, ruwan jikinsa ya tsiyaye, a gasa ya fito busasshe. Nono da kindirmo sun fi sauƙin hali, tsaminsu ba ya kama nama da ƙarfi, shi ya sa mutanen Indiya da Pakistan suke tsuma kaza da kindirmo kafin gashi. Mu da nono yake zuwa har ƙofar gida, abin mamaki ne yadda ba mu cika gwada wannan ba.

Mai neman laushi na gaske, maganinsa yana bayan gida. Ɗanyar gwanda da ganyenta suna da sinadarin fafain mai tsinka zaren furotin, kuma naɗe nama a ganyen gwanda daɗaɗɗiyar dabara ce a wurare da yawa. Abarba ma tana da irin nata, haka ɗanyar citta. Sharaɗin shi ne su kasance ɗanyu, don zafi yana kashe wannan ƙarfi, abarbar gwangwani ba ta yin komai. Rabin awa zuwa awa biyu ya wadatar. Wanda ya wuce haka zai tarar nama ya koma kamar an tauna.

Masu tsire sun gane duk wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Dubi yadda suke feɗe nama fale-fale, su yanka shi a gicciye maimakon bin tsawon zarensa, sannan su tsoma shi a garin ƙuli-ƙuli da yaji, su yayyafa man gyaɗa. Tunda ɗanɗano a sama yake tsayawa, sai suka mayar da naman duka ya zama sama. Naman tsohuwar saniya kuwa, mai jijiya da tauri, ba na tukuba ba ne. Jijiya ba ta narkewa sai da dahuwa mai tsawo cikin ruwa. Gaskiya ne satar shanu ta sa dabba ta yi tsada a Zamfara, itace da gawayi ma sun yi tsada, wannan ne ke sa wasu neman gajeriyar hanya. Amma mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Lissafin ƙwayoyin cuta

Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma sun fi jin daɗi a kusa da zafin jikin ɗan Adam, wato digiri 37. A watan Afrilu zafin rana a Gusau yakan kai digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano kuma ba a magana. A irin wannan yanayi wasu ƙwayoyin suna ninka yawansu duk bayan minti 20. Yi lissafi da kanka: ƙwaya ɗaya tak, cikin awa bakwai, ta haura miliyan biyu. Naman da ya biyo ta mayanka, ya hau teburin kasuwa, ƙuda ya sauka a kansa, ya ratsa hannu uku, ai ba da ƙwaya ɗaya ya iso gida ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. Hukumomin abinci na Amurka suka ce idan zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya ce iyaka ga duk abinci mai saurin lalacewa. Mu kuma muna barin ɗanyen nama cikin ruwan haɗi tun hantsi har dare.

Ina batun yaji? Zafin barkono a harshenmu yake. Sinadarin da ke cikinsa yana taɓa jijiyoyin da ke jin ƙuna ne, sai mu ji kamar wuta, amma ƙwayar cuta ba ta da waɗannan jijiyoyi. Tafarnuwa da kanumfari suna iya rage saurin wasu ƙwayoyi a ɗakin gwaji, amma abin da ake zubawa a girki bai kai ya tsare kilo biyu na nama a zafin bazara ba. Lemun tsami ma saman kawai yake taɓawa, ruwan naman kuma yana tsarma shi. Bugu da ƙari, shi kansa yajin yana iya zuwa da nasa kayan. Barkonon da aka shanya a gefen kwalta, awaki da kaji suna ratsawa, ba a wanke shi aka kai inji ba.

Maganar cewa wuta tana ƙone komai, rabinta gaskiya ne. Idan zafi ya kai digiri 70 har tsakiyar nama, mafi yawan ƙwayoyin sun mutu. Amma akwai wata ƙwaya da ke zaune a hanci da fatar mutane masu ƙoshin lafiya, masana suna kiranta sitafilokokas. Idan ta samu abinci a wuri mai ɗumi sai ta zuba dafi a ciki, kuma dafin nan ko tafasawa ba ta karya shi. Bayan 'yan awanni sai amai da murɗar ciki su taso wa mutanen gida, a ɗora wa ruwan leda laifi ko a ce shawara ce. Naman da ke ɗauke da wannan dafi ba lallai ya yi wari ba, in ma ya fara, ƙamshin citta da tafarnuwa ya rufe.

Wani zai ce to ai kilishi a rana ake shanya shi, bai kashe kowa ba. Wannan hujja ita ce ta fi ruɗar mutane. Mai kilishi yana feɗe nama kamar takarda, ya baza shi a kan karan gado a rana da busasshiyar iska, cikin 'yan awanni ruwan ya tafi. Sai ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, ya kuma nuna masa wuta. Bushewa ce take tsare kilishi, domin ƙwayar cuta ba ta hayayyafa inda babu ruwa. Naman da aka nutsar cikin ruwan albasa aka toshe a roba kishiyar kilishi ne: ga danshi, ga ɗumi, ga abinci.

Ga wanda ba shi da firji

Tsumi mai tsawo, na kwana ko na yini, wurinsa firjin da ke da sanyi da gaske. Kowa ya san halin wutar lantarki a wajenmu, kuma firjin da ya yi awa shida babu wuta akwati ne kawai. Mai kular ajiye sanyi zai iya jera ƙanƙara a ƙasa da sama, ya sa naman a leda mai kauri a tsakiya. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya bi hanyar masu tsire: a yanka siriri, a shafa gishiri da busasshen yaji, a bar shi a inuwa rabin awa, iyaka awa ɗaya, a ɗora a wuta. Ɗanɗanon da za a rasa bai taka kara ya karya ba. Kifi ma ko da firji bai buƙatar fiye da rabin awa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne da ragowar ruwan tsumi. Nama ya gasu, sai a ɗauko ruwan da ɗanyensa ya kwanta a ciki a shafa masa don ya yi sheƙi. An mayar masa da abin da wuta ta kashe ke nan. A ware na shafawa daban tun kafin a zuba nama, in kuwa dole sai an yi amfani da ragowar, a tafasa shi sosai. Wuƙa da faranti da katakon da suka taɓa ɗanye kada su taɓa gasasshe, ko albasa da tumatirin da za a ci ɗanyu, sai an wanke da sabulu.

Wannan magana za ta ƙara nauyi a shekaru masu zuwa. An yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni a 2024, aka yi ta ranar 6 ga Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Wato layya ta doshi tsakiyar bazara, Mayu da Afrilu. Tareni irin na ƙasar Sakkwato, inda ake kafa rago a gefen wuta tun ranar yanka, ya fi dacewa da wannan yanayi a kan tara ɗanyen nama a baho ana jiran gobe.

Hayaƙi da ƙuli-ƙuli

A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya jan nama cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo daji. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka duba shi ne sinadaran da ke samuwa idan nama ya ƙone ya yi baƙi, ko kitse ya ɗiga a garwashi hayaƙinsa ya dawo kan naman. A nan tsumi yana da amfani na gaske, domin gwaje-gwaje sun nuna naman da aka tsuma da kayan ƙamshi yana fitar da waɗannan sinadarai ƙasa da wanda aka ɗora haka nan. Tsarin tukuba ma abin yabo ne: tsinke a kafe kewaye da wuta, kitse yana ɗiga a toka. Abin da ya ɓata lamarin shi ne hura wuta da leda ko roba ko kalanzir.

Ƙuli-ƙuli ma a san inda aka samo shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar dafin afalatoksin, wanda ke da alaƙa da dajin hanta, kuma suya da gashi ba sa kawar da shi. Gyaɗar da aka ware saboda ta lalace, sau da yawa ita ce ake sayarwa da araha.

Aikin da ya rage ba na uwargida kaɗai ba ne. Dattawa suna tuna zamanin da duba-gari ke leƙa randa da teburin mahauci, kuma ana shakkarsa. Yau an fi jin muryar hukuma bayan an kwantar da mutane a asibiti. Ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna karɓar kuɗin shiga daga kasuwanni da mayanka. Bai yi yawa ba idan aka nemi su samar da ruwa mai tsabta a wurin yanka, da ɗakin sanyi mai amfani da hasken rana, su kuma zauna da Sarakunan Fawa, waɗanda maganarsu ta fi ta kowace takardar sanarwa shiga kunnen mahauta. Kafin a yi hakan, abin da ke hannunmu shi ne lokaci: a wannan zafi, tsakanin wuƙa da wuta kada a wuce awa ɗaya sai in akwai sanyi.