Zaman Bincike Bayan Digiri na Uku: Misali daga Harsunan Yankin Sunkani

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana tsarin nan na zaman bincike da manazarci kan yi bayan kammala digiri na uku, kafin ya ɗauki cikakken nauyin koyarwa a jami'a, tare da nuna muhimmancinsa ga nazarin harsunan da ba su sami isasshen bincike ba. An ɗauki yankin Sunkani, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Arɗo Kola ta Jihar Taraba, a matsayin misali.

2.0 Ma'anar Tsarin

Zaman bincike muƙami ne na wucin gadi, galibi na shekara ɗaya zuwa uku, wanda jami'a ko gidauniya kan ba sabon mai digiri na uku. Ana biyan sa albashi, a rage masa koyarwa ko a ɗauke masa ita gaba ɗaya, domin ya mayar da kundinsa littafi ko maƙalu, ko kuma ya buɗe sabon fage. Tsarin ya fara ƙarfi ne a fannonin kimiyya, daga baya ya bazu zuwa harshe da adabi da tarihi da kimiyyar zamantakewa a Turai da Amurka.

A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Akasarin malamai kan shiga jami'a ne a matsayin mataimakan malamai, su yi digiri na biyu da na uku suna bakin aiki. Tallafin horarwa na asusun TETFund ma, ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne ke cin moriyarsa. Ke nan, a nan koyarwa ce kan riga bincike, kuma da zarar malami ya gama digiri sai ɗalibai da ayyukan gudanarwa su yi masa yawa, kundin ya ƙare a kan kanta.

3.0 Misali daga Taraba

Taraba na cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. A yankin Sunkani da Jalingo ana jin Jukun Kona da Mumuye da Fulatanci, ga kuma Hausa wadda ita ce harshen kasuwa da hulɗa. Aikin Kiyoshi Shimizu ya isa shaida kan lokacin da irin wannan nazari ke bukata. Ya kammala kundinsa kan kwatancin harsunan dangin Jukun a Jami'ar Ibadan a 1971, amma sai a 1980 aka buga shi. Nazarinsa na kare-karen harshen Mumuye ya fito a 1979, nahawun karin Zing kuma a 1983. Tattara kalmomi daga bakin dattawa, da tantance karin sauti, da tsara ƙamus, ba ayyuka ne da hutun ƙarshen zango zai wadatar ba.

An kafa Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo a 2008, Jami'ar Tarayya ta Wukari kuma a 2011. Saboda haka manazarta sun matso kusa da masu waɗannan harsuna. Abin da ya rage shi ne lokaci.

4.0 Kafofin Tallafi

Shirin ELDP, wanda aka kafa a SOAS ta Landan a 2002 kuma ya koma Balin a 2021, yana ɗaukar nauyin taskace harsunan da ke fuskantar barazanar gushewa. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster na wata 6 zuwa 24 ga sababbin masu digiri na uku daga ƙasashe masu tasowa. Akwai kuma shirin AHP da Gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa daga 2008, wanda ya amfani malaman Nijeriya da Gana da Uganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu kafin a rufe shi.

5.0 Kammalawa

Tsarin ba ya rasa aibu: muƙamin ba na dindindin ba ne, kuma wanda ya tafi waje yana iya ƙin dawowa. Duk da haka, dogaro da tallafin waje kaɗai ba zai wadatar ba. Ya kamata cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya su ware guraben bincike na shekara ɗaya ko biyu ga sababbin masu digiri na uku, bisa sharaɗin su samar da nahawu ko ƙamus na wani harshe. Dattawan da ke riƙe da tsantsar waɗannan harsuna ba za su jira sai malami ya sami hutun bincike ba.